Kundin aikin kamo hotunan Meteor daga saman benenmu a Jidda

Juma'a, 11 ga Oktoba, 2024

Na yanke shawarar fara rubuta duk abin da nake gwadawa, saboda mako uku ke nan ina hawa saman bene ina saukowa hannu rabbana, kuma na lura cewa nakan maimaita gwajin da na riga na yi don kawai na manta abin da ya haifar. Burina shi ne in kamo hotunan gajimare kai-tsaye daga taurarin ɗan'adam guda biyu na ƙasar Rasha, wato Meteor-M N2-3 da aka harba a watan Yunin 2023, da Meteor-M N2-4 da aka harba a ƙarshen Fabrairun bana. Suna kewaya duniya ta ƙuryar arewa da ta kudu a nisan da ya ɗan haura kilomita 800, kowane zagaye yana cin kimanin minti 101, kuma suna watso hoton abin da ke ƙarƙashinsu a kan megahaz 137.9 ga duk wanda ya iya kamawa. Wanda ya ga yadda ruwa ya shanye titunan Jidda ranar 24 ga Nuwamba, 2022, ba ya bukatar a faɗa masa dalilin da zai sa mutum ya so ganin hadari tun yana kan Bahar Maliya.

Kayan aikina ba su da yawa. Akwai 'yar na'urar RTL-SDR V3 mai kamo siginar rediyo, wadda ake cusa wa kwamfuta, da manhajar SatDump mai mayar da siginar zuwa hoto, da eriyar da na haɗa da hannuna daga sandunan tagulla biyu, kowace santimita 53.4, an buɗe su digiri 120, suna kwance, bakinsu yana duban kudu. Waya ƙirar RG58 mai tsawon mita 20 ce take saukowa daga can zuwa ɗakina. Manhajar tana nuna ratar da ke tsakanin sigina da hayaniya da ma'aunin desibel, kuma wannan rata ita ce zan riƙa rubutawa a nan. A yanzu ba ta wuce 3 zuwa 4 ko da tauraron yana tsakiyar ka. Na'urar takan kama na daƙiƙa biyar ko goma ta saki, hoton kuma ya fito baƙi ƙirin in ban da 'yan zirin layuka.

Asabar, 19 ga Oktoba

Siginar Meteor lambobi ce zalla, kunne ba ya bambanta ta da shuu ɗin rediyo, don haka na koma kan tsohon tauraron Amurka, NOAA 19, wanda ke kan megahaz 137.1, domin shi ana jin sa. Da ya ɓullo sai na ji ƙarar nan tasa mai kama da bugun agogo, layi biyu a kowace daƙiƙa, amma a nutse cikin hayaniya. Hoton ya fito da ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa yashi, sai dai ana iya gane gaɓar teku. Wannan ya kwantar mini da hankali ta fuska ɗaya, tunda ya tabbatar da cewa eriyar tana aiki kuma wayar ba ta yanke ba.

Na kuma gano kurakurai biyu nawa na kaina. Bayanan falakin da manhajar ke lissafa lokacin gilmawar tauraro da su sun tsufa, na sabunta su. Na biyu, NOAA 18 yana kan megahaz 137.9125, kusan a kan zango ɗaya da Meteor, saboda haka duk ranar da suka gilma tare babu amfanin yin gwaji.

Talata, 22 ga Oktoba

Tun farkon aikin nan maɓallin ƙarin ƙarfi yana ƙurya, a kan 49.6, bisa tunanina cewa sigina mai rauni tana bukatar duk ƙarfin da na'ura ke da shi. Daren jiya, ina jiran N2-3, sai na ji muryar mai gabatar da shiri na wata tashar FM tana fitowa a shaƙe a daidai wurin da bai kamata a ji kowa ba. Tashoshin FM suna tsakanin megahaz 87.5 da 108 ne, nesa da inda nake saurare, amma suna cikin gari, ƙarfinsu kuma ya ninka na tauraron ba adadi. Ita wannan na'ura da bit 8 kacal take auna abin da ya shigo mata, ma'ana tazarar da ke tsakanin mafi ƙanƙantar sigina da mafi girma da za ta iya ɗauka lokaci guda ba ta da faɗi. Idan mai ƙarfi ya cika ta, sai ta fara ƙirƙiro siginonin ƙarya, mai raunin kuma ya ɓace a ƙarƙashinsu. Zafin nema ba ya kawo samu.

Hanyar gane siginar ƙarya ba ta da wuya. Na riƙa rage ƙarfin mataki-mataki ina kallon allo. Sigina ta gaskiya takan sauka daidai da abin da aka rage, ta ƙarya kuwa takan rufta ƙasa fiye da haka, kuma a kan 36.4 muryar ta ɓace gaba ɗaya. Akwai kuma wani tartsatsi da ke tashi lokaci-lokaci a gefen hagu na allon, a kan 136.975, wanda saƙonnin lambobi ne na jiragen sama. Mu da ke kudancin gari jiragen da za su sauka a filin jirgin Sarki Abdul'aziz sukan bi ta samanmu, don haka na rage faɗin zangon da na'urar ke ɗauka daga megahaz 2.4 zuwa 1.024, abin ya fita daga allon. Ratar ta hau zuwa 5. Na yi odar filtar da ke toshe zangon FM.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Bayan na dawo daga masallaci na huta, sai na ɗauki kwamfutar na hau da ita sama, na haɗa na'urar da eriya da guntuwar waya mai mita biyu. N2-4 yakan gilmo mana ne wajejen ƙarfe uku na rana, dab da la'asar, kuma ranar Jidda a wannan lokaci ba ta da sauƙi ko a Nuwamba, har sai da na lulluɓe allon da tawul kafin in ga rubutu. Ratar ta kai 8, kuma a karo na farko na samu hoto na kusan minti uku a jere.

Murnata ta ragu da na zauna rubuta wannan, domin na canza abubuwa biyu a lokaci guda: na cire doguwar waya, na kuma cire cajar kwamfuta tunda babu soket kusa da eriyar. Ban san wanne ne ya kawo nawa ba. Dole na sake gwajin washegari a ɗaki, da doguwar wayar amma ba caja, na ga cajar ita kaɗai tana cin kusan desibel ɗaya. Ragowar na wayar ne. RG58 tana zubar da kusan desibel 2 a kowace mita goma a wannan zango, wato mita 20 ta kusa cinye 4, kuma desibel 3 kaɗai rabin ƙarfin sigina ne. Da na kwance kan wayar na wajen eriya sai na tarar ragar tagullar da ke ciki ta yi kore, tana farfashewa tsakanin yatsuna. Ko wata biyu ba ta yi a waje ba, amma raɓar gishirin da ke tasowa daga teku da dare ta riga ta gama da ita.

Na sayo wayar dish ƙirar RG6 a wani shago. A ma'aunin tirjiyar lantarki om 75 ce maimakon 50 irin na tsohuwar, sai dai asarar da wannan bambanci ke jawowa ba ta kai rabin desibel ba, alhali a mita 20 ba ta zubar da ko rabin abin da tsohuwar ke zubarwa.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Filta ta iso, tare da ƙaramar amfilifaya, wato na'urar ƙara wa sigina ƙarfi, wadda na ɗora wa dogon buri. Na jera su yadda ya kamata, eriya, sai filta, sai amfilifaya a gindin eriyar, sannan doguwar waya, na'urar kuma tana tura mata wuta bolt 4.5 ta cikin wayar. Dalilin sa ta a sama shi ne duk asarar da aka yi kafin a ƙara wa sigina ƙarfi ba ta dawowa. Na zauna ina jiran ratar ta tashi zuwa goma sha wani abu, sai ta tsaya a 8 da ɗoriya kaɗan. Abin da amfilifayar ta yi kawai shi ne ta biya asarar waya.

Raina ya ɓaci, amma na yi gwajin da ya kamata a ce da shi na fara. Na cire eriyar na sa rizista mai om 50, wanda ba ya kamo komai daga waje, a madadinta, na lura da inda layin hayaniya ya kwanta a allo, sannan na mayar da eriyar. Layin ya yi tsalle da kusan desibel 15. Wannan yana nufin hayaniyar da ke danne mini sigina daga waje take shigowa ta eriya, ba a cikin na'urar ake haifar ta ba, kuma amfilifaya ba ta san bambanci ba, tana ɗaga tauraro da hayaniya tare. Wata guda ina neman ƙarin ƙarfi, ashe abin da ya kamace ni shi ne in nemo mai surutun in sa ya yi shiru.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Kwana goma sha biyu ina farautar hayaniyar nan, kuma zan rubuta yadda aka yi dalla-dalla domin nan ne aikin ya juya.

Na fara da sauraronta. Da na juya manhajar zuwa tsarin AM, sai shuu ɗin ya zama gurnani mai kauri, kuma da na auna shi sai na ga yana bugawa sau 120 a daƙiƙa. Wutar lantarkin Saudiyya haz 60 ce, ninkinta ke nan, alamar cewa mai surutun yana jone da wutar gida. Na kashe babban makunnin ɓangarenmu gaba ɗaya, firij da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da fitilu duk suka mutu, kwamfuta tana kan batir. Layin ya sauka da desibel biyu kawai. Saura yana nan daram, dare da rana, wanda ya wanke fitilun titi da allunan shaguna tunda su ba sa ci da rana.

Ranar Asabar ɗan ƙanwata ya zo ya taya ni. Na lanƙwasa guntuwar waya na yi ɗan zobe kamar faɗin tafin hannu a matsayin eriya, domin irin wannan ba ya jin abin da ke nesa sai na kusa. Shi yana riƙe da kwamfuta yana kallon allo, ni kuma ina bin saman benen da zoben kamar mai neman allura. Mun bi bayan tankunan ruwa, mun bi dogayen layukan dish-dish da ke kallon taurarin talabijin na Arabsat da Nilesat, mun bi injinan mukayyif ɗaya bayan ɗaya. Wasunsu suna da ɗan surutu idan an matsa jikinsu, amma taku biyu baya sai ya mutu. Muna dab da haƙura, ina tafe a gefen katangar yamma, sai ya ce, "Kawu, tsaya. Koma baya kaɗan. A nan ya fi tashi." Na duba ban ga komai ba sai wata siririyar waya fara da aka bi da ita ta kan katangar, fenti ya rufe ta. Muka bi ta, layin yana hawa, har ta kai mu ɗan ɗakin da ke kan matattakala. A can bayan ƙofa, a rataye a jikin soket, akwai wata baƙar adafta mai bolt 12, ba ta da suna ba ta da lamba, ta yi zafi har ba a iya riƙe ta. Ita ke ba kyamarorin tsaron gidan wuta.

Irin waɗannan adaftoci suna kunna wuta su kashe sau dubbai a daƙiƙa, kuma masu arha ba a sa musu abin da zai tace tartsatsin da hakan ke haifarwa. Ita kanta adaftar ƙarama ce, amma wayar da ta fita daga cikinta ta bi katanga ta fi mita goma sha biyar, ta zama eriyar watsawa, kuma ta wuce taku huɗu daga tawa eriyar.

Ban taɓa ta ba, domin ba tawa ba ce. Na sauka wurin haris ɗin gidan, wato mai gadi, dattijo ne Bahaushen Sudan, na yi masa bayani na roƙi ya bari in zare ta na minti ɗaya. Ya ce, "Ɗana, in dai kyamarar za ta dawo, bismilla, amma bari in tsaya a ƙofa tukuna." Da na zare ta layin hayaniya ya rufta da desibel 9 nan take, yaron ya yi kabbara. Na ce, "Baba, wannan abin ko ba don ni ba ya kamata a canza shi, taɓa ka ji zafinsa." Ya taɓa, ya kira mai gidan a waya, aka amince in sayo wata da kuɗina. Jiya na sa sabuwa mai nauyi, na kuma naɗa wayar da ke fita daga cikinta sau huɗu a zoben ferayit, wanda ke shanye tartsatsin da ke bin waya. Yau ratar N2-4 ta kai 15.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Yanzu da hayaniya ta lafa, ƙananan matsaloli sun fito fili. Siginar takan faɗi na 'yan daƙiƙoƙi a wurare biyu na kowace gilmawa, kusan a tsayi ɗaya kullum. Dalili shi ne eriyar tana karɓar sigina biyu, wadda ta zo kai-tsaye da wadda ta daki rufin ta dawo, rufin kuma kankare ne cike da rodi. A wasu kusurwoyi sukan taru su ƙarfafa juna, a wasu su kashe juna. Na ɗaga eriyar mita biyu da farko a zatona tsayi alheri ne, ashe shi ke yawaita waɗannan ramuka. Na sauko da ita zuwa kimanin rabin mita, wato kusan rubu'in tsawon zangon siginar, wanda ya ɗan haura mita biyu, ramukan suka toshe. Abin da na biya shi ne katanga tana tare mini tauraron idan ya yi ƙasa da digiri 15, kuma na yarda da wannan ciniki, domin a gefen sama nisansa ya haura kilomita 3,000, siginarsa ta riga ta ragu da kusan desibel 12 a kan yadda take idan yana tsakiyar ka.

Na kuma sa zoben ferayit uku a wayar, daidai gindin eriya, don kada bayan wayar ya kwaso surutun gida ya hauro da shi. N2-3 har yanzu yana yankewa nan da can, amma wannan ba daga wurina ba ne. Masu wannan sha'awa sun daɗe da lura cewa eriyarsa ba ta buɗe daidai ba bayan harba shi. Daga yau da N2-4 kaɗai zan riƙa auna kowane canji.

Juma'a, 13 ga Disamba

Yau na samu cikakken hoto, minti goma ba yankewa, ratar ta taɓa 18. Tauraron ya taso daga kudu, hoton ya fara daga tsaunukan Habasha da tafkin Tana, ya haura har Sina'i da koren bakin Nilu a Masar. Kowane ɗigo a cikinsa kusan kilomita ɗaya ne, inda na NOAA yake kilomita huɗu, kuma bambancin a bayyane yake. Ana ganin tsibiran Farasan da na Dahlak, ana ganin baƙaƙen duwatsun harra da suka miƙe daga Madina suka yo kudu, ana ganin tafkin Nasir kamar an zana shi da tawada. Na daɗe ina kallon inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu a Khartum, na bi Shuɗin da yatsa zuwa wajejen Sinnar inda garin Mai Wurno yake, sannan na tsallaka zuwa gaɓar Sawakin. Ta nan kakanmu ya biyo a ƙasa kafin ya hau jirgin ruwa zuwa Jidda, tafiyar da ta ci masa shekaru, ga ta duka a cikin abin da bai kai tafin hannu ba. Na sauka da kwamfutar na nuna wa Baba haris, ya sa tabarau ya ce in nuna masa Gadarif.

Talata, 7 ga Janairu, 2025

Jiya Litinin aka yi ruwa mai ƙarfi a Jidda da Makka, irin ranar da na fara wannan aiki dominta. Na kunna na'ura tun kafin lokaci, tauraron ya taso, ratar ta ƙi wuce 6. Abin da na samu guntun hoto ne mai baƙaƙen layuka, farin gajimare ya rufe gaɓar teku, ba a iya gane komai sosai.

Da safiyar yau na hau. Robar abincin da na sa amfilifaya a ciki ta hana ruwa shiga ta sama, amma na bar mahaɗin wayar a waje yana kallon sama, na naɗe shi da salatif ɗin wuta kawai. Da na warware shi sai ruwa ya ɗigo daga cikin kan wayar, ƙwayar tagullar kuma har ta fara dusashewa. Tunda wutar amfilifaya ta wannan waya take bi, ruwan ya taɓa sigina ya taɓa wutar a lokaci guda. Na ga irin wannan a watan Nuwamba da idona, amma na canza waya ban canza yadda nake rufe ta ba.

Alhamis, 9 ga Janairu

Na yanke santimita talatin daga bakin wayar har sai da na kai inda ragar take fara tas, na sa sabon kai irin na matsewa, na naɗe shi da tef ɗin roba mai narkewa ya haɗe da kansa, sannan na bi da salatif a sama saboda rana. Na juya mahaɗin yana kallon ƙasa, na kuma bar wayar ta yi ɗan lanƙwasa a ƙarƙashinsa yadda ruwa zai ɗiga daga can maimakon ya gangaro ciki. Na huda ƙaramin rami a gindin robar domin raɓa ta samu mafita. Gilmawar yau ba ta yi tsayi sosai ba, amma ratar ta kai 16.

Gwajin rizista ya nuna har yanzu eriya tana ɗaga layin hayaniya da kusan desibel 5, kuma yana ƙaruwa bayan magariba, wanda ke sa ni zargin fitilun gidan da ke maƙwabtaka da mu ta gabas. Wannan sai na samu wanda zai gabatar da ni ga haris ɗinsu. Na kuma sayo bututun tagulla mai laushi na mukayyif domin haɗa eriya mai murɗaɗɗun hannuwa huɗu, saboda siginar tauraron a murɗe take zuwa ta hannun dama, eriyata ta yanzu kuma tana zubar da desibel 3 ta wannan fuska. Ɗan ƙanwata zai zo ranar Asabar mu auna mu yanka.